Ɗauri da ƙiyasin hannu ko da sifana mai awo, wanne ya fi a ƙofar mota?

Ɗan'uwa da ka tambaya ko dole ne sai da tok renc, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, in za a mayar da ƙofa da gilas ɗinta, ko hannu kawai ya wadatar, amsar ta danganta da wane noti kake magana a kai.

Ƙiyasin hannu yana da sauri kuma a kan sukurorin roba na murfin cikin ƙofa shi ma ya fi, da zarar ya zauna ka tsaya. Matsalarsa ita ce hannun da ya saba da notin taya baya sanin ƙaramin noti. Notin injin ɗaga gilas yawanci M6 ne, wato mai kaurin milimita 6, mai kan sifana 10, ɗaurinsa baya wuce wajen 8 zuwa 10 Nm (newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri), ƙarfin da ko yaro zai iya bayarwa, amma sai kaga bakanike ya ɗora doguwar sifana yana ja har da cije leɓe, tiredi ya cinye ko notin ya karye a ciki. A wurin da ake maƙale gilas ɗin kuwa abin ya fi muni, don gilas ɗin ƙofa a mafi yawan motoci irin gasasshen nan ne, baya tsagewa kaɗan ya jira ka, rugujewa yake gaba ɗaya ya zube cikin ƙofa. In kuma ka ji tsoro ka bar shi sako-sako, zai riƙa karkacewa yana ƙara in an hau gargada.

Sifana mai awo tana cin lokaci, gaskiya ne, sai ka nemo adadin ka saita, amma in tayi ƙas shikenan, kowane noti ya samu daidai da ɗan'uwansa. Hinjin ƙofa galibi M8 ne, ana ɗaure su daga wajen 25 Nm zuwa sama gwargwadon mota, kuma nan ne rashin ɗauri ke sa ƙofa ta sauka sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Sai dai babbar da ake ɗaure taya da ita ba zata auna maka 9 Nm ba, ƙarama mai bakin kwata inci ake nema. Kuma don Allah ka duba ma'aunin da littafin motar ya rubuta, motocin Amurka sukan sa in-lb, wato awon inci da fam, 89 in-lb shine kusan 10 Nm, wanda ya karanta shi a matsayin ft-lb, wato awon ƙafa da fam, ya ninka ƙarfin sau 12. Kada ka shafa mai a tiredi in ba littafin ya ce ba, yana sa ɗaurin ya wuce kima alhali sifanar na nuna daidai.

Bindigar noti dai, wato injin ɗaure noti mai iska ko batir, ko kusa da gilas kar ta zo.

Ni a ganina roba da hannu, gilas da hinji da maƙalin da ƙofa ke kamawa a jikin mota da awo, kuma ka ɗan kama su tukuna, ka rufe ƙofa ka ɗaga gilas ka ga sun hau layi, sannan ka ƙarasa ɗaurin.