Fairphone 5, wayar da aka ƙera da niyyar a riƙa gyara ta

Abu na farko da na yi bayan Fairphone 5 ta zo hannuna shi ne na sa farce a gefenta na ɓalle murfin baya, sai batir ya fito ba tare da na ɗauki wani ƙarfe ba. Bayan haka, da ƙaramar sukundireba guda ɗaya ake kwance gilashi, da kyamarori, da lasifika, har da bakin caji, wanda a wayoyi da yawa yakan lalace ya ja sauran jikin wayar zuwa bola. Kamfanin Fairphone, wanda aka kafa a Amsterdam ta ƙasar Holand a 2013, ya raba wannan waya gida goma, kuma kowane ɓangare ana iya sayensa daban a musanya.

Sauƙin kwancewa ba shi ne abin da ya fi jan hankalina ba. Wayar da ake iya gyarawa ba ta da amfani idan babu kayan gyaranta, kuma kamfanin ya taɓa ɗanɗana wannan ɗacin, domin a 2017 ya sanar da daina tallafa wa wayarsa ta farko saboda masana'antun da ke samar masa da sassanta sun daina ƙera su, shi kuwa bai kai girman da zai sa su ci gaba ba. Wanda ya yi alkawarin shekaru masu yawa yana ɗaukar nauyin abin da ba a hannunsa yake ba: bai san ranar da mai ƙera gilashi zai rufe layinsa ba, bai kuma san batura nawa za a nema nan da shekara shida ba, alhali idan ya tara su da yawa a rumbun ajiya ƙarfinsu zai riƙa raguwa tun ba a sayar ba.

A Fairphone 5, wadda ta fito a 2023, an ga alamar cewa an koyi darasi. Maimakon ƙwaƙwalwar da aka saba sa wa wayoyi, sai aka zaɓi QCM6490 ta kamfanin Qualcomm, wadda aka yi ta domin na'urorin masana'antu kuma ake daɗewa ana tallafa mata. Da wannan ne suka iya alkawarin sabunta manhaja har zuwa 2031, tare da garantin shekara biyar. A ganina wannan zaɓi ya fi duk wani ado da ke jikin wayar daraja.

Tana da nata naƙasun. An fitar da ita a kan Yuro 699, kuɗin da zai sayi waya mafi sauri da kyamara mafi kyau a wani kamfanin, kuma tun da ba a liƙe ta da gam ba, kariyarta daga ruwa ta tsaya ne a kan yayyafi da fantsama.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne batun dawo da tsofaffin wayoyi. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Fairphone yana karɓar tsofaffin wayoyi, amma ba shi da ikon sanin yaushe za su dawo, ko nawa ne, ko a wane hali, domin yawancin mutane a aljihun tebur suke ajiye su. Zan so in ga an ɗora wani kuɗin ajiya a kan farashin wayar tun ranar saye, wanda za a mayar wa mai ita idan ya dawo da ita, kamar yadda Caterpillar, kamfanin ƙera manyan injina, ke yi da sassan injinan da yake sake ƙerawa.