Borom Sarret da fim ɗin ɓarayin keke: ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Borom Sarret, ɗan gajeren fim ɗin nan na Senegal da ba kowa ya sani ba, kwaikwayon Ladri di biciclette (wato Ɓarayin Keke) na Italiya ne. Sun yi kama, amma ni ban ɗauke shi kwaikwayo ba.

Na Italiya Vittorio De Sica ya fitar da shi a 1948, lokacin da rashin aiki ya yi wa birnin Rum katutu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Antonio ya samu aikin manna fastoci, amma sai da keke. Matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka fanso kekensa, ranar farko ɓarawo ya yi awon gaba da shi. Shi da ɗansa Bruno suka yi ta bulayi a gari, har talauci ya sa shi ma ya miƙa hannu kan keken wani, aka kama shi a gaban yaron.

Ousmane Sembène kuwa a 1963 ya yi nasa, shekara 3 bayan Senegal ta samu 'yanci, kuma tsawonsa wajen minti 20 ne. Mai keken doki ne a Dakar, yana ta jigilar mutane, da yawansu ba sa biya. Akwai uban da ya ɗauko gawar jaririnsa aka hana shi shiga maƙabarta don ba shi da takarda; wannan wurin ya fi tsaya mini a rai. Maroƙi ya wasa kakannin mai keken, shi kuma ya miƙa masa ɗan abin da ya samu. Sai wani mai kwat ya ce a kai shi Plateau, unguwar masu hali, inda aka haramta wa keken doki shiga. Ɗan sanda ya ƙwace keken, mai kwat ya tafi ko sisi bai bayar ba.

To ka ga inda suka rabu. Antonio yana da ɓarawon da zai bi sawunsa. Mutumin Dakar doka ce ta raba shi da abin neman abincinsa, a ƙasarsa da ta samu 'yanci daga Turawa amma ta riƙe iyakokin da suka shata. Wa zai kai wa ƙara? Shi ya sa nake ganin na Sembène ya fi ɗaci, duk da De Sica ya fi sa mutum hawaye.

Ka fara da na Senegal. Da Faransanci ake jin maganar zucin mai keken, don haka ka nemi kwafi mai fassara a ƙasa.