Silikon ko salatif na alminiyom: da wanne za a manne kayan ɗumama akwatin mesa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi da me za ka manne kayan ɗumama akwatin mesarka. Tsakanin silikon (wani gam mai kauri da ake toshe kafa da shi) da salatif na alminiyom da ka ambata, ka ɗauki silikon ga duk abin da zai zauna a cikin akwatin, inda jikin mesar zai iya taɓa shi.

Tawa ƙaramar mesa ce, irin wadda ke dunƙulewa idan ta tsorata, tana zaune a akwatin katako mai ƙofar gilashi a nan Ngaundere ta Kamaru, inda tudu ya haura mita 1,000 kuma sanyin dare a Disamba da Janairu ba ya wasa. Da silikon irin na masu haɗa akwatin kifi na manne kan wayar na'urar daidaita zafi, wato ɓangaren da ke auna zafin akwatin, a bangon ciki, na kuma toshe ramin da wayar ta bi ta fita. Mesar nan ba ta da aikin da ya wuce goga hancinta a wurin duk lokacin da za ta yi saɓa, wani lokaci har ta naɗe wayar ta ja da ƙarfinta, amma abin bai motsa ba, ita kuma ko ƙwarzane ba ta samu ba. Dalili shi ne, silikon idan ya bushe yakan koma kamar roba, ba ya sauran danƙo a samansa, kuma yana jure zafin da ya zarce digiri 150, alhali ɓangaren ɗumi na akwatin bai kamata ya wuce digiri 31 zuwa 33 ba. Wahalarsa ɗaya ce: yayin bushewa yana fitar da wari mai tsami da ke cutar da numfashin dabbar, don haka sai ka kwashe ta zuwa wani mazubi, ka bar akwatin a buɗe aƙalla kwana 2, kuma kada ka mayar da ita sai ka sa hancinka ciki ka ji babu sauran wari.

Salatif na alminiyom kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba. Yana riƙe gefen tabarmar ɗumama, wato shimfiɗar lantarki mai ba da ɗumi, a ƙarƙashin akwatin gilashi, daga waje, iyakarsa ke nan. A ciki, zafi da laima sukan ɗaga bakinsa, maciji ya bi ta kai ya manne, garin ƙwacewa fata ta yage. Idan hakan ta faru ba a fizga. Man girki ake shafawa a hankali har danƙon ya saki.

Fitilar ɗumama da ragar da ke kare ta ba aikin gam ba ne ko kaɗan, sukuru ake ɗaura musu. Gam ɗin masu gyaran takalma ma ka nisance shi, tururinsa ya yi ƙarfi ga rufaffen akwati.

Ka yi hattara da wasu masu kantin kayan gini. Za su miƙo maka silikon na banɗaki su rantse cewa duk ɗaya ne, alhali an zuba masa maganin kashe fumfuna, wanda guba ne ga dabbar da ke kwana a kansa. Ka karanta jikin kwalin da kanka: idan ka ga "sanitaire" ko "anti-moisissure", ka ajiye, wanda aka rubuta "aquarium", wato na akwatin kifi, kake nema. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa, domin wanda ya daɗe a kanti cikin zafi yakan ƙi bushewa, ya zauna da danƙo har mako ya zagayo. Kafin ka shafa a akwatin, ka ɗiga kaɗan a kan guntun gilashi, ka bar shi ya kwana, da safe ka danna da yatsa. Idan ya kama yatsan, ka mayar wa mai kantin kayansa.