Gilashin faɗaɗa hoto na waya: a Wurno ya ƙarasa ba ni haushi

Saitin gilasan nan biyu da ake maƙalawa a kan kyamarar waya, ɗaya na faɗaɗa hoto, ɗaya na kusanto da ƙananan abubuwa, kowa ya san su a shagunan masu waya. Don tsofaffin gine-ginen Sakkwato na saye su, saboda lungunan cikin gari ba sa ba ka wurin ja da baya. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan ko Fadar Sarkin Musulmi haɗiye maka ita zai yi ɗungurungum."

Haɗiyewa kam ya haɗiye. Amma bangon da yake miƙe sai ya fito da tumbi kamar tulu, kusurwoyin hoton huɗu duk baƙi. Tsakiya tar, gefe dishi-dishi. A wajen Hubbaren Shehu ma haka, in ka ɗan ɗaga wayar sama sai ka ga ginin yana neman kwantawa baya. Na ce to, kayan araha ne, a yi haƙuri.

Wurno ce ta ƙure ni. Na je ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu can a 1837, kuma garin na da gidajen ƙasa irin waɗanda nake nema. Lokacin bazara ne, kun san ranar yankin nan, tana haura digiri 40 ba ta tambayi kowa ba. Kafin azahar robar da ke cikin maƙalin ta yi laushi, gam ɗinta ya narke, gilashin ya riƙa zamewa daga kan kyamara. In saita, in ɗaga hannu, ya goce. Wani dattijo da na nemi izininsa ya tsaya mini a ƙofar zaurensa, yana ta jira cikin rana, ni kuwa ina fama da roba. Har ya ce, "Malam, ko dai ka cire abin nan ka ɗauka haka nan?" Kafin in amsa, gilashin ya faɗa cikin rairayi. Da na goge shi da bakin riga, ga zane ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Ashe ma ba gilashi ba ne, roba ce aka yi wa kwalliya. Gam ɗin kuma ya bar mini danƙo a bayan waya, har yau ƙura ke liƙewa a wurin.

Hoton zauren da waya tsirararta na ɗauka, na ja baya zuwa tsallaken hanya, kuma shi ya fi kowanne kyau: bangon ga kauri a gindi yana sirancewa sama yadda magina suka yi shi, ba yadda gilashi ya ga dama ba.

Gaskiya ɗaya, ƙaramin na kusantowa ya burge ni. Ya fito mini da ciyawar da aka cuɗa cikin yaɓe da kawunan ƙusoshin wata tsohuwar ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Don shi na so in ba saitin tauraro uku. Sai na tuna maƙali ɗaya suke amfani da shi, ga shi ya mutu, da na mayar kuma yaron shagon ya ce kayan da aka buɗe ba sa karɓa. Tauraro ɗaya, shi ma don ƙusoshin nan ne.