Dakon kejin kaji daga Apapa zuwa Epe: abin da na gani

Kejin kajin ƙwai mai hawa huɗu, irin wanda saiti ɗaya ke cin kaji 128, ba a harhaɗe yake zuwa daga Sin ba. A kwance ake jero shi cikin kwantena: ragar waya daban, ƙafafun ƙarfe daban, mazubin abinci na roba masu tsawo a ɗaure, sai buhunan noti da kawunan famfon shan ruwa. A haka yake ratsa teku lafiya lau. Inda ake yi masa illa shi ne bayan an buɗe kwantenar, tsakanin sito da gona, a hannun 'yan dako da direba. Shi ya sa wannan sharhin nawa a kan masu dakon yake, waɗanda suka ɗauko mini kejin daga Apapa, unguwar tashar jiragen ruwa ta Ikko, zuwa Epe.

Wani ɗan'uwa da ke harkar raguna a kasuwar dabbobi ta Alaba Rago ne ya haɗa ni da su. Ƙaramin kamfani ne, kuma farashinsu ya ɗara na motocin da ake tsayarwa a bakin titi sosai, har sai da na yi jim. Abin da ya sa na amince shi ne tambayoyin da manajan ya yi mini tun a waya: tsawon mazubin abincin nawa ne, ragar a ɗaure take a kan katako ko a warwatse, akwai injin ɗaga kaya a inda za a sauke ko hannu ne. Direban da kawai zai ce maka "Alhaji, kawo kaya, ba matsala" bai san abin da zai ɗauka ba.

Ranar lodi na tsaya a kansu a sito. Sun fara shimfiɗa katako a cikin motar, suka jera ƙafafun ƙarfe a ƙasa tunda su ne masu nauyi, sannan raga a kai, a kwance, da kwali tsakanin ɗauri da ɗauri. Mazubin roba a can sama suka sa su, kuma sun tabbatar babu wanda ya leƙo bayan mota. Da bel mai ƙugiya suka ɗaure maimakon igiya, kuma duk inda bel ɗin zai ciji gefen raga sai su sa guntun katako. Wani yaron mota ya ɗaga ƙafa zai hau kan ragar don ya ja tamfol, direban ya daka masa tsawa: "Kai, sauko! Wannan ba buhun masara ba ne." Dattijo ne ɗan Zariya, ya daɗe yana jigila a Ikko, kuma daga wannan tsawar hankalina ya kwanta.

Ga dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci. Wayar kejin an lulluɓe ta da tutiya don kada ta yi tsatsa. Wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya ta fi kauri da ƙarko a kan wadda aka yi wa shafe da lantarki, amma kowace ce, in ƙarfe ya goge ta har fatar ta kankare, daga nan tsatsa ke kamawa. Iskar Ikko kuwa ga laima ga gishirin teku, sannan ga kashin kaji da ke cin ƙarfe. Ƙarzanen da ba ka kula da shi ba ranar sauke kaya, shi ne ramin da za ka gani bayan damina. Sai kuma ragar ƙasa, wadda aka ɗan karkata ta da gangan domin ƙwai ya gangaro a hankali zuwa gaba. In ta lanƙwashe ko kaɗan, ƙwai zai tsaya a ƙarƙashin kaza ta taka shi, ko ya gangaro da gudu ya fashe. Mai walda zai iya miƙar da ita da guduma, amma ba ta komawa daidai.

Hanyar Ikorodu zuwa Epe ta Itoikin kowa ya san halinta. Direban ya tsaya a hanya ya ƙara matse bel, domin kaya sukan zauna bayan an sha ramuka. Ruwa ya tare su, amma tamfol ɗin ba mai huji ba ne, kwalayen sun iso a bushe.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Motar ta makara ƙwarai, kuma ofishinsu ba su kira sun faɗa mini ba sai da na yi ta nemansu. Na san fitowa daga yankin Apapa ba a hannun direba kaɗai take ba, ko bayan tsarin Eto na kiran manyan motoci da hukumar tashoshin ruwa ta kawo a 2021, amma kiran waya ai ba ya buƙatar bin layi. Haka kuma kuɗin 'yan agbero, wato 'yan tasha masu tare motoci a kan hanya, ba a sa shi cikin lissafin farko ba, sai daga baya aka ce in cika. Ya kamata a faɗa wa mutum tun farko.

A wajen sauke kaya ne suka wanke kansu. Ba su matsa mini in sa hannu a takardar kaya ba sai da muka ƙirga ɗauri-ɗauri da takardar mai sayarwa a hannu, muka ɗauki hoton kowanne. Mazubi ɗaya ya tsage a baki. Direban da kansa ya ce, "Alhaji, rubuta shi a jikin takardar kafin ka sa hannu, in ba haka ba ofis za su ce lafiya ka karɓa." Na rubuta, kuma sun cire kuɗinsa daga cikon da suke bi na bashi ba tare da jayayya ba. Ragar kuwa ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Zan sake ba su aiki, kuma zan tura musu duk mai ɗauko kejin kaji, na zomaye ko na manyan karnuka. Sai dai a rubuta kuɗin hanya cikin yarjejeniya tun kafin lodi, a karɓi lambar direban kai tsaye, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin sai kaya sun sauka an ƙirga.