Daga Alƙahira zuwa Ƙofar Sauri

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da Inna. Ka ce in faɗa maka abin da na tsinana bana ban da karatu, to ga shi.

Kuɗin haya yanzu daga aljihuna yake fita, kuma littattafai ne suka yi min rana. Bayan masallacin Azhar akwai lungun Darbul Atrak, shagunan littafi ne a jere, ga kuma kasuwar Azbakiyya kusa da tashar Ataba inda ake sayar da tsofaffi. Littafin fiƙihu ko nahawun da za ka karaɗe Katsina kana nema, wani lokaci sai an aika Kurmi a Kano, nan a jibge yake, bugu iri-iri. Sai na fara saya ina ba masu dawowa gida suna kai wa malamai. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta raba ni da jiran aike. Cinikin ne ma ya koya min Larabcin kasuwa. Da, ina buɗe baki da na aji ake ninka min kuɗi, yanzu kuwa sai na taya a ce sallama.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suka buɗe tun 1987, shi ke kai ni ko'ina, har da taragon mata zalla. Kantin magani kuma ko tsakar dare ka buga waya za a kawo maka har ƙofa. Wannan kam sun fi mu.

Sai dai kada ka ɗauka araha ake sha. Tun da gwamnati ta saki fam, kuɗin Masar, ta bar kasuwa ta yanke darajarsa a Maris 2024, kaya suka tashi. Gurasar tallafi da aka mayar ƙirshi 20 daga 5 (ƙirshi kamar kobonmu ne) ta 'yan ƙasa masu katin tallafi ce, mu baƙi ta kasuwa muke saya. Nama sai an daure. Gero kuwa, wallahi a shagon abincin tsuntsaye na same shi, na dama kunu, Misirawan da muke maƙwabtaka suna ta kallona.

Telan da zai ɗinka maka kaftani yadda ya kamata ban gan shi ba tukuna. Idan ka sami mai tahowa kafin azumi, a sa min kala biyu, da daddawa da kuka da yajin Inna.