Fastocin bango da na saya don ajin Gwamnati da Tarihi, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwana malamai. Gwamnati nake koyarwa a SS2 da SS3 a wata makarantar je-ka-ka-dawo nan cikin birnin Kano, bana kuma aka ƙara min Tarihi. Farkon zangon nan na shiga Sabon Gari na sayo saitin fastocin bango guda shida a kwali ɗaya, daga aljihuna na biya don na gaji da cika allo da rubutu kullum yara suna kwafa ba sa ganewa. Yanzu na yi zango guda da su.

Wanda ya fi burge ni wallahi shi ne na tsarin mulki. An jera tsare-tsaren mulkin Najeriya a layi ɗaya, na Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, sai na 'yancin kai 1960, na jamhuriya 1963, har 1979 da 1999, kowanne da kalarsa da abin da ya zo da shi. Duk malamin da ya taɓa makin tes ya san yadda yara ke cakuɗa Richards da Macpherson, to yanzu hannu kawai nake sa wa in rufe shekarar in ce wane ne ya raba ƙasar yanki uku, sai ka ji aji ya ɗauka gaba ɗaya. Ranar da muka yi na 1922 na nuna musu kujeru huɗun nan na zaɓe a majalisar dokoki, uku Legas ɗaya Kalaba, wata yarinya da ke zama can baya wadda ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta ce Malam to mu Arewa ina namu? Nan na yi musu bayani cewa majalisar ba ta yi wa Arewa doka a lokacin, gwamna ne ke yi da kansa. Har aka kaɗa ƙararrawa ba su bar ni na fita ba, ni dai a ranar na ji kuɗina sun fita.

Taswirar jihohi 36 ma ba laifi, an yi mata laminatin, in ƙura ta hau tsumma kawai za ka sa.

Amma gaskiya na sarautun gargajiya ya ɓata min rai. Ɗan akwati ɗaya aka ba ƙasar Hausa, sarki a sama sai Waziri da Galadima da Madaki shikenan, babu hakimi babu dagaci babu mai unguwa, alhali yaran nan kowannensu ya san ƙofar gidan mai unguwarsu, kuma ta wannan tsanin ne Turawa suka bi suka yi mulki bayan sun ci Kano a 1903, to ta yaya zan koyar da mulkin Lugga in tsanin ba ya nan? Da alƙalamin maka na ƙara su a ƙasa. Na jam'iyyu ma haka, NEPU layi ɗaya tak ta samu, jam'iyyar da aka kafa a garin nan a 1950, ko sunan Malam Aminu Kano babu, ga gidansa na Mambayya nan Gwammaja wasu ɗalibaina ta gabansa suke wucewa kullum. Na Tarihi kuwa ko Muhammadu Rumfa ba a ambata ba, sai da na nemi izinin shugabar makaranta na kai 'yan SS2 Gidan Makama, gidan tarihin Kano, suka ga abin da idonsu.

Sannan rubutun ƙanana ne sosai, 'yan benci uku na gaba ne kaɗai ke iya karantawa, dole nake cirowa in zagaya da shi layi-layi. Salatif ma ba ya riƙe su a bangonmu, ƙusa na buga.

In za ka saya dan Allah ka sa mai shago ya buɗe kwalin ka duba ɗaya bayan ɗaya, ni ban yi haka ba. Asabar ɗin nan in sha Allah zan koma in ji ko za su sayar min da na tsarin mulkin shi kaɗai, ina so in kafa wa 'yan SS3 nasu kafin WAEC ta matso.